Laifin ɗalibi ne ko na alama? Fashin baƙi kan f(x) da dy/dx

Duk malamin lissafin da ya taɓa duba takardun 'yan Tarminal, wato ajin ƙarshe na sakandare, a Garwa ko Marwa da ke arewacin Kamaru ya san akwai kurakuran da ba sa tsufa. Ɗalibai su zo su wuce, a sauya littafi, a sauya manhaja, amma kowace shekara sai ka tarar da wanda ya rubuta ln(a + b) = ln a + ln b, da wanda ya soke d na sama da d na ƙasa a dy/dx ya bar y/x. Abin da aka saba shi ne a ja jan biro, a ce yaro bai yi bita ba. Sau da yawa kuwa haka ne. To amma idan kuskure iri ɗaya yana fitowa daga hannun yaran da ba su taɓa ganin juna ba, na Garwa da na Njamena da na Yola da na Faris, ruwa ba ya tsami banza. Dole a waiwayi abin da aka rubuta musu a allo.

Matsayata ita ce, alamomin da duniya ta amince da su a fannin fonksiyon da analiz, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira kalkulas, sun ƙware wajen tafiyar da lissafi, amma sun gaza wajen bayyana abin da ake nufi. An yi su ne don hannun wanda ya riga ya gane. Shi kuwa wanda yake kan hanyar ganewa, akwai wuraren da suke ɓoye masa abu, akwai ma inda suke nuna masa abin da ba haka yake ba.

Dalilin yana cikin tarihinsu. Ba wani taro aka yi aka tsara alamomin nan rana ɗaya ba. Alkawarizmi, a Bagadaza wajen shekara ta 820, da kalmomi zalla ya rubuta aljabararsa: abin da yau za mu rubuta x² + 10x = 39, shi jimla ce sukutum yake yi. Alƙalasadi, mutumin Andalus da ya rasu a Tunisiya a 1486, yana cikin waɗanda suka riƙa gajarta wa da haruffa, shin don abin da ake nema, mim don ninkinsa da kansa. Alamar = ta fito ne daga Robert Recorde a 1557. Descartes a 1637 ya ɗora mu kan x da y da z. Leibniz ya kawo d da ∫ a 1675, Euler ya kawo f(x) a 1734, Lagrange ya yaɗa f' a ƙarshen ƙarni na 18. Kowannensu matsalar gabansa yake warwarewa, da irin tunanin zamaninsa. Mu kuma muka gaji duka, muka zuba su a shafi ɗaya, muka miƙa wa yaro ɗan shekara 17.

Mu fara da f(x), don nan ne tushen yawancin rikicin. Fonksiyon ƙa'ida ce: ka ba ta lamba, ta mayar maka da lamba ɗaya tak. Sunan ƙa'idar f. Lambar da ta mayar idan ka ba ta x, ita ce f(x). Abu biyu ne mabambanta, ɗaya ƙa'ida, ɗaya lamba. A zamanin Euler ba a damu da wannan bambanci sosai ba, domin a lokacin fonksiyon tana nufin wani rubutu da aka haɗa da x da lambobi. Sai a ƙarni na 19, musamman da aikin Dirichlet na 1837, tunanin ya faɗaɗa ya zama kowace irin ƙa'ida mai haɗa lamba da lamba, ko da ba ta da formil. Tunanin ya ci gaba, rubutun ya tsaya inda yake. Shi ya sa har yau malami zai ce "fonksiyon f(x)", ko "fonksiyon x²", alhali x² lamba ce da ba a faɗi ko nawa ba ce.

Ga kuma baka-biyu. Tun daga ajin farko na sakandare ake horar da yaro cewa a(x + 1) daidai yake da ax + a. Shekara da shekaru yana buɗe baka yana rarraba ninki, har abin ya zama jiki. Rana ɗaya sai a rubuta masa f(x + 1), siffa ɗaya, baka ɗaya, a ce masa wannan karon ba ninki ba ne, kada ya rarraba. Babu komai a jikin rubutun da ke nuna haka. Sai wanda ya san cewa a lamba ce, f kuwa fonksiyon ce. Yaron da ya rubuta ln(a + b) = ln a + ln b, ko sin(a + b) = sin a + sin b, ba ƙirƙira ya yi ba; dokar da aka koya masa ya bi a wurin da idonsa ya ce masa ta dace. Kuskure ne, a gyara masa, amma a san inda ya samo shi.

Ita ma alamar = aiki uku take yi da fuska ɗaya. A f(x) = 2x + 3 raɗa suna take yi. A 2x + 3 = 7 tambaya ce: wace x ce za ta sa wannan ya tabbata? A 2(x + 1) = 2x + 2 labari ne da yake gaskiya ga kowace x. Idan ɗalibi ya ga f(x) = 0 a tsakiyar shafi, ba shi da hanyar sanin ko ana cewa fonksiyon ɗin sifili ce ko'ina, ko ana so ya nemo inda ta zama sifili, sai ya koma ga jimlar Faransancin da ke sama. Yaron da Faransanci ne harshensa na uku, bayan Hausa a gida da Fulatanci a kasuwa, nan yake faɗuwa, kuma a ce lissafi ne bai iya ba.

A nan mu da muka yi karatu a tsarin Faransanci muna da wata riba da ba mu cika lura da ita ba. Littattafanmu suna rubuta f : x ↦ x², da wannan kibiya mai ɗan kara a gindi. Salon ya yaɗu ne ta hannun ƙungiyar masana lissafi na Faransa da suka riƙa wallafa da sunan Bourbaki tun daga shekarun 1930, ya sauko lise, wato babbar sakandare, da sauye-sauyen manhaja na shekarun 1960 da 1970. Kibiyar tana faɗin gaskiya ƙarara: x ba kowa ba ce, wuri kawai take riƙewa. x ↦ x² da t ↦ t² fonksiyon ɗaya ce. Irin wannan tunani ne Alonzo Church ya gina a Amurka a shekarun 1930 da alamar λ, wanda yau harsunan kwamfuta da yawa ke amfani da shi. Amma kibiyar ba ta daɗewa a allo. Da an shiga babin deribe, wato saurin sauyin fonksiyon, sai ka ga (x²)' = 2x. Ɗan karan nan na sama na fonksiyon ne, ga shi an ɗora shi kan lamba. Ɗalibi mai bin doka sau da ƙafa zai ce: to a sa x = 3. Hagu ya zama (9)', wato sifili, dama ya zama 6. Ba a yi ƙarya a lissafin ba, rubutun ne ya yi gajeren zango ya bar yaro a baya. Haka (ax²)' ba ta faɗi ko a ce ke sauyawa ko x.

Akwai wata ƙaramar alama da ba ta da wata kariya a wurina, wato −1 da ake ɗorawa a sama. sin²x na nufin sin x sau sin x. Bisa wannan, sin⁻¹x ya kamata ta zama 1/sin x. Ba haka ba ne: tana nufin kusurwar da sinus ɗinta ya zama x. A kalkuleta, sin⁻¹ na 0,5 zai ba ka digiri 30, alhali 1 a raba da sin 0,5 zai ba ka wata amsa daban. John Herschel ne ya shigo da wannan rubutu a Ingila a 1813, yana kallon f² a matsayin f bayan f. Tunaninsa yana da tsari, sai dai ya haɗu da tsohuwar al'adar sin², aka bar su biyun suna zaune a layi ɗaya suna musun juna.

Yanzu ga babbar magana, dy/dx. Tambayar da kowane ɗalibi mai tunani yake yi ita ce: wannan firaksiyon ce, wato lamba a raba da lamba, ko ba ita ba ce? Malamin lissafi ya ce ba ita ba ce, alama ce guda, kada a raba ta. Awa biyu bayan haka malamin fizik ya ninka gefe biyu da dt ya ci gaba da aikinsa, amsa kuma ta fito daidai. Wa yaro zai yarda da shi?

Ga Leibniz kansa, firaksiyon ce ta gaske. dx ɗan mitsitsin ƙari ne a kan x, wanda ya fi kowace lamba ƙanƙanta amma bai kai sifili ba, dy kuma ƙarin da ya haifar a kan y. Ya buga hanyar a 1684 a birnin Laifzig na Jamus, ta kuma yi aiki ƙwarai. Sai dai ginshiƙinta yana rawa. Ɗauki x². Ka ƙara h a kan x, ka ɗebe x², ka raba da h, za ka sami 2x + h. Don ka raba da h, dole h ba sifili ba ce. Don ka sami 2x, sai ka jefar da h kamar sifili ce. Wannan ne George Berkeley, wani babban limamin coci a Ailan, ya kama masana da shi a 1734, kuma ƙorafinsa yana kan hanya. An ɗauki kusan ƙarni kafin Cauchy a 1821, sannan Weierstrass a Balin, su kafa maganar kan limit: ba a cewa h sifili ce, ana duban lambar da 2x + h ke dosa yayin da h ke matsowa kusa da sifili. Daga ranar, dy/dx ta daina zama rabon abu biyu, ta zama limit ɗin rabo. Ma'ana ta sauya gaba ɗaya, rubutu bai motsa ba. Abraham Robinson ya nuna a farkon shekarun 1960 cewa ana iya gina waɗancan mitsitsin lambobi a kan ƙa'ida mai ƙarfi, amma hanyarsa ba ta shiga manhajar lise ba.

Me ya sa ba a jefar da ita ba? Domin alama ce mai yi wa mutum rabin aiki. Ɗauki ruwan dam ɗin Lagdo da ke kan Binuwai. Yawan ruwan V ya dogara da tsayinsa h, tsayin kuma yana sauyawa da lokaci t, ya hau da damina ya sauka da rani. Saurin sauyin yawan ruwa shi ne dV/dt = dV/dh × dh/dt. Ido na ganin dh ta soke dh, kuma amsar daidai ce. Ma'auni ma ya bi sahu: mita kubik bisa mita, sau mita bisa awa, ya ba da mita kubik bisa awa. Injiniya ba ya buƙatar haddace doka, rubutun ne ke tuna masa. Haka sauya harafi a cikin antegiral, wato lissafin jimla mai alamar ∫, haka dx/dy = 1/(dy/dx). Newton yana da tasa alamar, ɗigo a kan harafi, wadda har yau ake gani a makanik, amma ba ta wannan hidima. Ingila ta riƙe ɗigon Newton fiye da shekara 100 saboda rigimar wa ya riga wa, har sai da Babbage da Herschel da Peacock suka kafa ƙungiya a Kambirij a 1812 don shigo da d ɗin Leibniz. Masu tarihin lissafi suna lissafa wannan riƙo cikin dalilan da suka sa nahiyar Turai ta yi wa Ingila nisa a analiz a ƙarni na 18.

Amma a sake duban layin Lagdo ɗin. V ta hagu fonksiyon ce ta lokaci. V ta dama fonksiyon ce ta tsayi. Ƙa'ida biyu ne daban aka ba su suna ɗaya. Kuma dV/dh ba ta faɗi a wane tsayi za a lissafa ta ba. Sai mai karatu ya san cewa a tsayin da ruwan yake a lokacin t ne. Rubutun Lagrange da muka saba da shi a Tarminal, (g∘f)'(x) = g'(f(x)) × f'(x), ya fi wuyar haddacewa amma bai ɓoye komai ba: ya nuna inda ake lissafa kowane yanki. Haka idan ana son deribe a x = 3, f'(3) ta wadatar, ita kuwa dy/dx sai an ja mata dogon layi a gefe an rubuta x = 3 a ƙasa, don ba wanda zai rubuta d(3²)/d3.

Inda gizo ke saƙa shi ne, sokewar da ta yi aiki sau uku tana koya wa yaro cewa za ta yi aiki kullum. Gwada ta a deribe ta biyu. Idan d²y/dx² firaksiyon ce, ya kamata ta zama d²y/du² sau (du/dx)², tunda du² za ta soke du². A ɗauki y = u², u = x². Ke nan y = x⁴, deribe ɗinta ta biyu 12x². Hanyar sokewa kuwa ta ba da 2 sau 4x², wato 8x². An rasa 4x². Yankin da ya ɓace shi ne dy/du sau d²u/dx², kuma babu wani abu a siffar alamar da zai sa ka zarge shi. Alamar da ta riƙe hannunka a mataki na farko ita ce ta sake ka a na biyu ba sallama.

Wanda ya shiga jami'a a Ngaundere ko Marwa ko Njamena zai haɗu da ∂, alamar deribe ta fonksiyon mai harafi fiye da ɗaya, wadda Legendre ya yi amfani da ita a 1786, Jacobi ya yaɗa ta daga 1841. A nan sokewa takan ba da amsar da ta saɓa wa gaskiya kai tsaye. A ce x + y + z = 0. To ∂x/∂y = −1, ∂y/∂z = −1, ∂z/∂x = −1. Ninka ukun: −1. Ido kuwa yana cewa komai ya soke, saura 1. Haka abin yake a dokar iskar gas, PV = nRT: ∂P/∂V sau ∂V/∂T sau ∂T/∂P ya ba da −1. Dalili shi ne kowace ∂ tana da wani harafi da aka riƙe bai motsa ba, kuma alamar ba ta faɗi ko wanne ne ba. Ga misali mafi sauƙi: f = x + y. Idan y aka riƙe, ∂f/∂x = 1. Idan u = x + y aka riƙe, ∂f/∂x = 0. Rubutu ɗaya, amsa biyu. Masu tamodinamik, wato ilimin zafi, sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke sa baka su rubuta harafin da aka riƙe a ƙasa. Wannan faci da suka yi shaida ce cewa alamar ita kaɗai ba ta isa ba.

Antegiral tana da nata. Leibniz ya fara rubuta ∫, doguwar S ta jimla, a takardunsa ranar 29 ga Oktoba 1675. Sa iyakoki a sama da ƙasa kuwa Fourier ne ya kawo shi wajen 1820. Antegiral ta x² dx daga 0 zuwa 1 lamba ce, 1/3, babu x a cikinta ko kaɗan. Ana iya sa t ko u a madadinta. Amma ∫ x² dx marar iyaka ba lamba ba ce, ba ma fonksiyon ɗaya ba ce, dangi ne na fonksiyon da suka bambanta da lamba tsayayya. Abu biyu masu nisa haka, alama kusan ɗaya. Ga abin da ke biyo baya. A yi ∫ (1/x) dx da hanyar kashi-kashi, a ɗauki u = 1/x da dv = dx. Za a sami ∫ (1/x) dx = 1 + ∫ (1/x) dx. A ɗebe antegiral daga gefe biyu, saura 0 = 1. Ba a karya wata dokar lissafi ba sai ɗaya: an ɗauki = a nan kamar tana haɗa lamba da lamba, alhali dangi take haɗawa da dangi. Ko sanannen ln|x| + C ɗin nan bai cika ba, domin 1/x ba ta da ƙima a sifili, don haka gefen hagu da gefen dama kowanne na iya ɗaukar tasa C. Manhajarmu ta Faransanci ta kauce wa yawancin wannan ta hanyar cewa "F firimitib ce ta f a kan tazara kaza", wato deribe ɗin F a wurin ita ce f, kuma a ganina ta yi daidai.

Akwai wani saɓani da ba na alama kaɗai ba ne, na al'adar fanni ne. A ce zafin wani faranti a wuri (x ; y) shi ne T(x ; y) = k(x² + y²). Mene ne T(r, θ)? Malamin fizik zai ce kr², domin a wurinsa T zafi ne, r kuma nisa ne daga tsakiya. Malamin lissafi zai ce k(r² + θ²), domin a wurinsa T ƙa'ida ce: ninka na farko da kansa, ninka na biyu da kansa, haɗa, sannan ninka da k. Kowannensu yana da gaskiya a ajinsa. Ɗalibin Tarminal C, ajin masu lissafi da fizik, yana zama a gaban su biyun a rana ɗaya, kuma da wuya a sami wanda ya gaya masa cewa harafi ɗaya yana nufin abin aunawa a wancan aji, yana nufin ƙa'ida a wannan.

Mu a wannan yanki muna da ƙarin nauyi, domin muna zaune ne a mahaɗar tsari uku. A lise mai harshe biyu, katanga ɗaya ce tsakanin mai shirin bak, jarrabawar kammala sakandare ta tsarin Faransanci, da mai shirin GCE, takwararta ta tsarin Ingilishi: wannan yana rubuta f' da ]0, 1[ da 3,14, wancan yana rubuta dy/dx da (0, 1) da 3.14. Ɗanmu da ya ci bak ya tafi Maiduguri ko Yola ko Zariya zai ga (0,1) a allo, wanda a idonsa na iya zama tazara, ko wuri a kan zane, ko kashi ɗaya cikin goma a cikin baka. C ta ƙirga zaɓi, mai n a ƙasa da p a sama, da ya saba da ita za ta juye masa. log a kalkuleta tushe 10 ce, a littattafan lissafi na jami'a da yawa ita ce ln, a wajen masu kwamfuta sau da yawa tushe 2. A Cadi kuma, inda Faransanci da Larabci duka harsunan hukuma ne, wanda ya yi karatu da littattafan Masar ya saba da د(س) daga dama zuwa hagu. Wannan duka ba zurfin lissafi ba ne, amma yana cin makin jarrabawa, yana kuma sa yaro mai ƙoƙari ya fara shakkar kansa a watanninsa na farko.

To a sauya alamomin mana? An gwada. Gerald Sussman da Jack Wisdom na MIT a Amurka sun sake rubuta makanik a 2001 da salon da kowace fonksiyon ke da sunanta, kowace deribe ta faɗi abin da take ci, har kwamfuta na iya gudanar da kowane layi. Hujjarsu ita ce rubutun gargajiya na ikwasiyon ɗin Lagrange yana da harshen damo. Manhajojin tantance hujja irin su Lean ma ba sa karɓar "deribe ta x²". Sai ka ba su fonksiyon cikakkiya, mai kama da kibiyarmu. Wannan ya tabbatar da cewa rubutu marar shubuha mai yiwuwa ne. Amma yana da tsawo, kuma wanda ya ƙware ba zai yarda ya rubuta layi uku inda rabin layi ya ishe shi ba. Ga littattafan ƙarni uku da aka riga aka rubuta, ga injiniyoyin duniya da suka saba.

Abin ya yi kama da wasali a rubutun Larabci. Malamin da ya sha nahawu yana karanta littafi ba wasali, bai kuma ga abin da ya ragu ba, domin wasalin yana kansa. Almajiri kuwa sai an sa masa fataha da kisira da rufu'a, in ba haka ba ya karanta wata kalma daban. Ba wanda ya ce a daina buga littattafai marasa wasali, ba kuma wanda ya ce a miƙa wa ɗan farawa irinsu. dy/dx da ∂f/∂x da (x²)' rubutu ne marar wasali, mu kuma muna ba da su ga 'yan farawa, muna mamakin yadda suke karantawa.

Saboda haka gyaran da nake gani yana hannun malami da ɗalibi, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Tambaya ɗaya ta fi kowace amfani a gaban kowane rubutu: wannan lamba ce, ko fonksiyon ce, ko dangin fonksiyon? Ɗalibin da ya saba yi wa kansa ita ba zai ɗora ɗan kara a kan 9 ba, ba zai ɗebe antegiral marar iyaka daga 'yar'uwarta ba. A watannin farko na deribe a riƙe kibiya, a ɗora ɗan kara kan sunan fonksiyon kaɗai. Gajartawa ta zo daga baya, a kuma faɗa da baki cewa gajartawa ce. Idan iyakar antegiral x ce, harafin ciki ya zama t. Ranar da dy/dx ta fara bayyana, malamin lissafi da na fizik su daidaita bakinsu: ba firaksiyon ba ce, limit ɗin firaksiyon ce, shi ya sa take halin firaksiyon a deribe ta farko mai harafi ɗaya, kuma ga misalin 12x² da 8x² don a ga inda halin ya ƙare. Masu bita a rukuni da yamma su gwada karanta kowane layi da cikakkiyar jimla ta Hausa ko Fulatanci: "saurin sauyin yawan ruwa idan tsayi ya motsa, a tsayin da yake yanzu". Inda jimlar ta ƙi fita, nan ne ba a gane ba, ko da an iya lissafin.

Alama biyu ne kawai zan so a daina koya wa 'yan sakandare gaba ɗaya, domin kowacce tana da madadin da ya fi ta, kuma madadin yana cikin littattafan Faransanci tuntuni. Ta farko ∫ marar iyaka, a bar ta sai jami'a, a ci gaba da firimitib F a kan tazarar da aka ambata. Ta biyu sin⁻¹ da cos⁻¹ da tan⁻¹, a rubuta arcsin da arccos da arctan. Cikas ɗin ta biyun shi ne yawancin kalkuletocin da ake sayarwa a kasuwanninmu sin⁻¹ ne a rubuce a jikin maɓallinsu, kuma yaro yana fara danna shi tun ajin da aka koya masa kusurwoyin tiriyangil. Don haka tun a wannan aji ya kamata malami ya sa kowa ya danna sin⁻¹ na 0,5, sannan ya danna 1 a raba da sin 0,5, ya rubuta amsoshin biyu gefe da gefe a littafinsa.